Kafin ka danna maɓallin famfon sinadari

Wallahi abin na ba ni mamaki yadda wasu ke ɗaukar famfon asid kamar wasa, a zo a danna kawai a wuce, ko tabarau da safar roba babu.

Famfo mai farfela, wato mai fanka a ciki da ke juyawa tana tura ruwa, ba ya iya jan iska, dole sai ruwan ya cika cikinsa tukuna, wato ka buɗe bawul ɗin shiga gaba ɗaya, ka saki iskar ta ɗan ƙaramin bawul na sama, ta bututun da aka tanada fa, ba saitin fuskarka ba. In ka tashe shi a bushe nan da nan sil, wato abin da ke hana ruwa zuba ta inda sandar juyi ta shiga famfon, zai ƙone, shi kenan sai yoyo.

Bawul ɗin fita kuwa a rufe ake barinsa ko a ɗan buɗe kaɗan, injin ya tashi, geji ya nuna firesha, wato agogon awo ya nuna ƙarfin turin ruwan, sannan ka riƙa buɗewa a hankali. Amma kar ka manta shi a rufe yana ta gudu, ruwan ciki zai yi zafi har ya tafasa. Shi kuma famfo mai fistan sam ba haka yake ba, tura ruwa kawai ya sani, in hanyar fita a rufe take to bututu ko gasket ne zai fashe.

In an taɓa wayoyin lantarki, a duba ko juyin famfon ya bi kibiyar da ke jikinsa. Sai kuma kunne, in ka ji kamar ana kaɗa tsakuwa a ciki, ruwan shiga ne bai ishe shi ba, tsayar da shi ka duba ko matacin da ke hanyar shiga ya toshe.