Kasuwar da ba ta san masu ciwon ba

A kwas ɗin ƙarin ilimi da nake yi, malaminmu ya ɗora mini rubutu kan kasuwar duniya ta kula da yaran da ciwonsu ya gagari magani, wato jinyar da ake yi don rage raɗaɗi da kwantar wa iyaye hankali ko da babu sa ran warkewa. Kalmar kasuwar nan ta tsaya mini a rai. Na daɗe ina aikin jinya a ɗakin yara, ban taɓa kallon gadon yaro mai ciwon daji a matsayin haja ba.

Duk da haka na zauna na karanta. Rahotannin masu hasashen ciniki da na gani bakinsu ɗaya: Amurka da Turai ne a gaba, domin can ne ake da inshora ko gwamnatin da za ta biya. To amma masu ciwon ba can suka fi yawa ba. Wani bincike na 2017 ya ƙiyasta cewa yara sama da miliyan 21 a duniya na buƙatar wannan kulawa, kuma kwamitin mujallar likitoci ta Lancet ya gano cewa rabin mutanen duniya, matalautan cikinsu, ko kashi 1 cikin 100 na mofin, wato maganin rage raɗaɗi mai ƙarfi, da danginsa ba ya isa hannunsu. Ko a Ingila ma, Helen House da aka buɗe a Oxford a 1982, gidan jinyar irin waɗannan yara na farko a duniya, da gudummawar jama'a ya tsaya da ƙafarsa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne maganin ba shi da tsada. Arharsa ce ma ta sa manyan kamfanoni ba sa rububinsa. A Yuganda, Dakta Anne Merriman ta kafa ƙungiyar jinya ta Hospice Africa a 1993, suka riƙa jiƙa garin mofin da ruwa suna zubawa a tsofaffin robobin ruwan sha da aka wanke. A 2004 gwamnatin ƙasar ta yarje wa nas-nas da suka samu horo na musamman su rubuta shi, tunda likitoci ba su wadata ba. Kyauta majinyaci ke karɓa.

Ina karanta wannan sai wata yarinya ta faɗo mini, 'yar shekara shida, da ƙari a ciki. Kwana uku ba ta runtsa ba, ta ƙanƙame bakin zanen uwarta. Da ƙyar aka samo mofin na sha, sai uwar ta riƙe mini hannu: "Sista, ba shi ne ake cewa yana ƙarasa mutum ba?" Na ja kujera na zauna, na nuna mata layin sirinji, na ce a hankali za mu fara, kowane awa huɗu. Ni kaina gabana faɗuwa yake, don a makaranta tsoronsa aka fi koya mana.

Kafin la'asar yarinyar ta yi barci. Da ta farka kunu ta nema, ta kuma ce a tsefe mata kai.

A rubutun nawa na ware shafi guda kan farashin garin mofin da albashin nas mai zuwa gida-gida. Malam ya zagaye shafin da jan biro, ya rubuta a gefe cewa in faɗaɗa shi.