Ingarman aro da soso guda: yadda na yi asarar shekara a bargata

Har yau idan na ga soso rataye a jikin turke sai raina ya ɓaci. Haushin dokin Alhaji bai kai haushin da nake ji na kaina ba, domin ina tsaye a wurin abin ya faru, har na sa wa yaron barga albarka.

Goɗiya 3 gare ni: akawal, bidi, da wata 'yar kili da ba ta taɓa haihuwa ba. Bara waccan aminina Alhaji ya ba ni aron ingarmansa don barbara. Doki ne na gani na faɗa, shi ake sa wa gaba ranar hawan sallah a unguwarsu, gashi sai sheƙi, harawa ba ta kwana a gabansa. Na duba haƙori, na duba kofato, na duba ido. Gabansa kuwa ko a raina ban kawo in sa a duba ba. Ya hau akawal da bidi. Kili na hana, ina so ta ƙara shekara.

Kwana 6 da yin haka yaron barga ya kira ni: "Maigida, zo ka ga wutsiyar akawal." Wani ruwa ne mai kauri, fari-fari da ɗan toka-toka kamar kamu, ya manne mata a gashin wutsiya da cinyoyi. Ba zazzaɓi, tana cin dusarta. Na ce ragowar barbara ce, a wanke ta. Yaro ya ɗebo ruwa a bokiti, ya ɗauko soso, ya wanke akawal, ya wuce kan bidi, ya ce bari ya haɗa da kili tun da ruwa ya rage. Bokiti guda, soso guda. Na ce masa Allah ya yi albarka, ka iya aiki.

Goɗiyar da ba ta ɗauka ba, wajen kwana 21 take yi kafin ta sake neman doki. Akawal ko mako 2 ba ta cika ba ta fara ɗaga wutsiya tana fitsari kaɗan-kaɗan. Maimakon in tsaya in yi tunani, sai na sake aika aka kawo ingarman. Da ruwan ya ƙi tsayawa na shiga kasuwa na sayo allurar nan mai dogon aiki da muke yi wa shanu, na danna musu. Sai da na ga ruwan a jikin kili, wadda namiji bai taɓa kusantarta ba, sannan gabana ya faɗi na kira likitan dabbobi.

Ya ɗaga wutsiyarta ya ce, "Malam, wane doki ya hau wannan?" Na ce babu. Ya waiga ya ga soson a rataye, ya nuna shi da baki: "To ga ingarmanta nan."

A nan ya zaunar da ni. Ya ce akwai ƙwayoyin cuta da ke zama a gaban ingarma, cikin kube da wani ɗan rami da ke bakin mafitsara, kuma ba sa yi masa komai. Ba kumburi, ba ciwo, ba rama. Goɗiya ce ke kwasa, mahaifarta ta kumbura, ciki ya ƙi zama. Wadda ya fi tsoro ita ce Taylorella equigenitalis, da ta ɓulla a Newmarket ta Ingila a 1977, ta isa Kentucky ta Amurka a 1978, ta hargitsa barbarar dawakin tsere. Tun daga lokacin masu kiwon dawakin tsere a Ingila ba sa haɗa goɗiya da ingarma sai da takardar gwaji. Ya ce ita ma goɗiyar, bayan ruwan ya ɗauke, ƙwayar kan laɓe a cikin lungunan ɗan-tsaka wata da watanni, ka ɗauka ta warke alhali tana jiran doki na gaba.

Allurar da na yi ta jawo mini wani jinkirin. Likita ya ƙi ɗaukar samfur sai an yi mako guda, don maganin na iya ɓoye ƙwayar a samu sakamakon ƙarya. Da lokaci ya yi ya goga auduga a ɗan-tsaka da cikin mahaifa, ya tsoma a 'yan kwalabe masu baƙin sinadarin gawayi, muka sa a kula da ƙanƙara, domin dole su isa ɗakin gwaji kafin awa 48. Abin da ya fito Klebsiella pneumoniae ne, ita ma akwai nau'inta da ke bin barbara. Taylorella ba ta fito ba, amma likita ya ce ita mai nawa ce, tana son abinci na musamman kuma takan kai mako kafin ta tsiro, saboda haka ya bi da su kamar ita ma tana nan.

Aikin ba daɗi. Ana ɗura ruwan gishirin asibiti a mahaifa a janyo shi, a yi allurar oksitosin don ta matso ragowar, a sa maganin da gwajin ya nuna zai ci ƙwayar. Ɗan-tsaka kuma a wanke da kulohezidin, wani ruwan kashe ƙwayoyin cuta, a shafa man magani kwana 5 a jere, kowace da safar hannunta. Bayan nan gwaji sau 3, mako-mako. Raguna 2 na sayar. Kuɗin bai dame ni ba kamar lokacin: cikin goɗiya wata 11 ne, shekarar nan ta tafi ba ɗukushi ko ɗaya.

Na je wa Alhaji da maganar cikin lallami. Ya ce, "Haba ɗan'uwa, dokina ko tari ba ya yi. Ka dai duba goɗiyoyinka." Daga baya yaronsa ya gaya wa nawa cewa kullum sai ya wanke gaban dokin da maganin kashe ƙwayoyin cuta mai ƙarfi. Da na faɗa wa likita sai ya girgiza kai, ya ce irin wannan wankin ne ke share ƙwayoyin kirki da ke jikin fata ya bar wa Klebsiella fili. Ruwan ɗumi tsabtatacce ya wadatar.

Yanzu bokiti 3 ne a bargata, ja da shuɗi da kore, kowace da nata. Soso na hana gaba ɗaya, auduga ake amfani da ita a ƙone. Bidi ta haihu bana, kili ta fita tsaf. Akawal, wadda na mayar wa dokin karo na biyu da hannuna, har yanzu ba ta ɗauka ba. Ingarman Alhaji kuwa makon jiya na gan shi a bayan mota, za a kai shi wani ƙauye aro.