Asabar ɗin da Gisenyi ta tsaya cak

Duk wanda zai je Gisenyi, garin da ke bakin tafkin Kivu a yammacin Ruwanda, ya duba kalanda kafin ya ba kowa ko sisi. Idan Asabar ɗin ƙarshen wata ce, babu abin da ke motsi daga ƙarfe 8 zuwa 11 na safe. Umuganda suke ce masa, aikin gayya ne na ƙasa baki ɗaya. Shaguna a rufe, motocin haya a fake, 'yan acaɓa sun jingine babura, duk mai shekara 18 zuwa 65 yana unguwarsa da fartanya ko tsintsiya. Mu ma muna da tsaftar muhalli ta ƙarshen wata a Kano, amma mun san yadda ake bi ta lungu a wuce. A can ba a bi.

Mai kwalekwalen da muka yi ciniki da shi ranar Juma'a da yamma ya san haka sarai. Ya karɓi rabin kuɗi kafin alƙalami, ya ce ƙarfe takwas zai ɗauke ni zuwa maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Nyamyumba. Takwas ta yi, tara ta yi, wayarsa a kashe. Sai bayan azahar ya ɓullo yana murmushi, wai ai kowa ya san yau Umuganda, kuma tafiyar yamma kuɗinta daban ne. Na ce ya maido min da nawa, ya ce ya riga ya sayi mai. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, amma rainin hankalin ne har yau yake sosa min rai. Baƙo ya zo ƙasarku, ka san abin da bai sani ba, sai ka mayar da rashin saninsa jari?

To, ina zaman jiransa ne na samu safiyar da ban taɓa samun irinta ba. Babu ƙarar inji ko ɗaya a garin. Rairayin bakin ruwa ni kaɗai, sai 'yan tsuntsaye da ƙarar ruwa yana taɓa gaɓa yana komawa. Tafkin yana kan tudu, kusan mita 1,460 sama da teku, don haka rana tana haske amma ba ta ƙuna. Babu kada, babu dorina a Kivu, shi ya sa da ƙarfe 11 ta wuce yara suka kwararo suka faɗa ruwa ba wanda ya tsawata musu.

Kwanciyar ruwan nan tana da ban mamaki idan ka san abin da ke ƙarƙashinsa. Zurfinsa ya kai wajen mita 480, kuma can ƙasa cike yake da iskar gas, har Ruwanda tana zuƙo ta tana samar da lantarki da ita. Idan kana fuskantar tafkin ka juya dama, rufin gidajen birnin Goma ne na ƙasar Kwango, garuruwan biyu sun manne da juna, shingen iyaka kawai ya raba su. Bayansu kuma ga Nyiragongo, dutse mai aman wuta, wanda a 2002 narkakken dutsensa ya ratsa Goma har cikin tafki, ya sake tashi a 2021. Ni na je ne kafin 'yan tawayen M23 su kama Goma a Janairun 2025, saboda haka mai niyya yanzu ya bi labarai tukuna. Mutanen da ke zaune tsakanin wuta da iyaka, amma ka ga uwa tana wanke wa ɗanta ƙafa a bakin ruwa hankali kwance, abin ya tsaya min a zuciya.

A masallaci bayan la'asar wani dattijo ya ga fuskata, ya tambaye ni lafiya. Da ɗan Turancinsa da 'yan kalmomin Larabci muka fahimci juna. Na ba shi labarin mai kwalekwale, ya girgiza kai ya ce, "Ɗana, bar shi da Allah. Hau babur ka tafi Rubona yanzu, kada rana ta faɗi." Na ce, "To Baba, na gode."

Abin da na tarar a Rubona, wani ƙauye a bakin tafkin kusa da garin, ya fi duk abin da na biya kuɗi dominsa. Masunta ne ke fita kamun dare. Kwalekwale uku ake haɗewa da itatuwa su zama ɗaya, ga dogayen sanduna sun miƙe gaba da baya, da su ake sauke taru a ɗago shi. Ba inji, filafili ne kawai, kuma da waƙa suke tuƙi: ɗaya ya bayar, saura su amsa, wani ya yi fito, filafilan su shiga ruwa lokaci guda. Na tsaya kusa har ina ganin kantar hannun wani saurayi yana goge gilashin fitila da gefen rigarsa. Fitilun nan su ne sana'ar, haskensu ke jawo sambaza, 'yan ƙananan kifayen da aka kawo irinsu daga tafkin Tanganyika a ƙarshen shekarun 1950. Sai asuba za su dawo.

Sambazan na ci a wurin, soyayye ƙarau, da kai da ƙaya ake taunawa, an matsa lemon tsami. Akwai man barkono Akabanga a 'yar kwalba mai ɗigo, ɗigo biyu ya isa ko ga wanda ya saba da yaji.

Idan za ka hau kwalekwale a garin nan, ka biya bayan an dawo da kai gaɓa, in ya ƙi ka nemi wani, suna da yawa. Wanda ya matsa maka da kafin alƙalami ranar Juma'ar ƙarshen wata, ka tambaye shi gobe wace rana ce ka ga yadda idonsa zai yi. Ka riƙe rigar sanyi, domin da magariba iskar tafkin tana shiga jiki. Sannan ka lura da wata: idan ya cika, haskensa yana kashe amfanin fitila, masunta sukan huta. Mu da muke bin lissafin watan Musulunci, sai a kauce wa tsakiyarsa, wajen 13 zuwa 15.