Daren Asabar a bakin Bahar Maliya

Umara ce ta kai ni Saudiyya a watan Maris na 2024, tseren mota kuwa ko a mafarki. Ɗan yayata da ke aiki a Jidda ne ya tarbe ni da tikiti biyu na kallon tseren motoci na Formula 1, ya ce, "Kawu, kafin azumi ya kama, zo ka ga gudu." Na ce masa ni da na sha kallon sukuwa a Hawan Daushe, wane gudu ne ya rage?

A shekarar an dawo da tseren Formula 1 ɗin ranar Asabar 9 ga wata maimakon Lahadi, saboda Ramadan ya ƙarato. Mota ta ajiye mu can nesa, muka taka har ƙafata ta fara ƙorafi, ga iskar teku mai danshi tana manna min riga a baya.

Titin ya bi gaɓar teku, kilomita shida da ɗoriya, kwana 27, katanga dama da hagu. Ƙarfe takwas na dare jajayen fitilu biyar suka kama ɗaya bayan ɗaya, suka mutu gaba ɗaya, alamar motoci su tashi. Ƙarar nan a ƙirji na ji ta. Kafin in ce "ga ja can", motar ta wuce, sai tartsatsi da ƙaurin taya. Zagaye uku na yi ina wurga wuya kamar ƙadangare, na haƙura na koma kallon katon allo. Wato kuɗi muka biya muka zo kallon talabijin.

Da wani direba, Lance Stroll, ya daki katanga, motar tsaro mai rage wa tsere gudu ta fito, duk motocin suka jeru a bayanta sumui-sumui kamar ayarin kai amarya. Wasu suka shiga canjin taya: huɗu cif, cikin daƙiƙa uku ko ƙasa. Na tuna mai facin unguwarmu da jak ɗinsa mai tsiyayar mai, na yi dariya ni kaɗai.

Max Verstappen ne ya cinye bayan zagaye 50, Perez na biye, sai Leclerc. Ni dai hankalina yana kan wani yaro ɗan Ingila, Oliver Bearman, mai shekara 18. Ranar Juma'a aka kira shi ya hau motar Ferrari saboda an kwantar da direbanta Carlos Sainz za a yi masa tiyatar afendis. Yaron ya tashi daga na 11, ya ƙare na bakwai, Lewis Hamilton mai kambun duniya bakwai yana bayansa. Duk sanda ya gifta sai in tsinci kaina a tsaye.

"Kawu, ina dawakin Daushe?" in ji ɗan nema. Na yi kamar ban ji ba, kuma kusan gaskiya ne, don har muka kama hanyar Makka da safe kunnena na dama bai daina ƙugi ba.