Bayan an ɗora yaro a sikeli, sai me?

Mace mai ciki tana zuwa awo. In ta haihu a ba ta katin jariri, duk zuwan riga-kafi a ɗora yaron a sikeli a rubuta. Daga ranar da aka yi masa allurar ƙyanda kuwa, yawancin yaranmu ba wanda zai sake auna su sai in ciwo ya kwantar da su a asibiti. Shekarun firamare gaba ɗaya, lokacin da jiki ke miƙewa kuma ƙwaƙwalwa ke ɗaukar karatu, sukan wuce ba wanda ya san ko yaro yana girma yadda ya kamata. Shi ya sa da aka ɗora mini kula da lafiyar ɗalibai a makarantar da nake koyarwa, na goyi bayan a riƙa auna nauyinsu da tsayinsu, kuma har gobe ina kan haka. Sai dai aikin ya nuna mini cewa awon kansa shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin.

A Turai da Amurka, in ana wannan muhawara ƙiba ake nufi. A makarantar gwamnati ta unguwar talakawa a nan Arewa, abin da sikeli ya fi tono wa shi ne yunwa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57 ne. Waɗannan yaran su ne suka shigo mana aji ɗaya daga baya. Za ka ga yaro ɗan shekara goma da jikin ɗan bakwai, in ka yi magana a ce ai gado ne, duk gidansu gajeru ne. Wani lokacin gaskiya ne. Sau da yawa kuma ba gadon tsayi ba ne, gadon tukunya ce: gidan da tuwo da miyar kuka ne dare da rana, uba ya taso a haka, ɗa ma ya taso a haka.

Akwai wata matsala da babu littafin da ya gaya mini ita. Jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya na 'yan shekara 5 zuwa 19, wanda ta fitar a 2007, yana buƙatar a san shekarun yaro har da watanni kafin a ce nauyinsa ya yi daidai ko bai yi ba. Mu kuwa da yawan ɗalibanmu ba su da takardar haihuwa. Ka tambayi uwa, ta ce, "Malam, da azumi aka haife shi, shekarar da ruwa ya ci gidaje." Shekarun da ke cikin rajista kuma sau da yawa kintace ne aka yi ranar ɗaukar yaro. Don haka na fi dogara da kwatanta yaro da kansa. Nawa ne nauyinsa a zangon farko, nawa ne a na uku? Yaron da shekara ta zagayo bai ƙara komai ba, ko ma ya ragu, ba sai na san ranar haihuwarsa ba kafin in gane akwai damuwa. Tsutsar ciki ce, ko zazzaɓin cizon sauro da ke yawan dawowa, ko tsagiya in yana wanka a kududdufi, ko kuma wani abu ya faru a gida, an saki uwar ko uban ya rasa sana'a.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda zai ji lambar. Na taɓa ganin an yi awo a wata makaranta a tsakar fili, yara sun yi layi, mai dubawa yana ɗaga murya yana faɗa wa mai rubutawa. Wata yarinya mai jiki ta hau, aka faɗi nauyinta, layin gaba ɗaya ya tuntsire da dariya. Ta sauko tana gyara hijabi, idonta a ƙasa. Kafin a tashi tara an riga an laƙaba mata suna, kuma sunan ya bi ta har ta gama makarantar. Awon bai ƙare ta da komai ba, sai dai ta daina cin abincinta a gaban ƙawaye.

Ƙasashen da suka riga mu sun ɗanɗani irin wannan. Singafo ta fara wani shiri a 1992 inda ake ware ɗalibai masu ƙiba a sa su ƙarin motsa jiki, ta dakatar da shi a 2007 bayan koke ya yi yawa cewa ana tozarta yaran. Jihar Arkansas ta Amurka ta kafa doka a 2003 cewa a riƙa aika wa iyaye sakamakon awon 'ya'yansu, jihohi da dama suka bi sahu, Masachusets kuma ta daina aika wasiƙun a 2013. Da aka gwada abin sosai a makarantun Kalifoniya a kan ɗalibai sama da 28,000, sai aka tarar wasiƙar ba ta rage nauyin yaran ba, amma waɗanda ake aunawa sun ƙara jin ba su gamsu da jikinsu ba. Ingila tun 2006 take auna 'yan shekara huɗu zuwa biyar da 'yan goma zuwa sha ɗaya, kuma a ganina babban amfanin da ta samu shi ne alƙaluman sun nuna mata ƙiba a unguwannin matalauta ta kai ninki biyu na unguwannin masu hali. Wannan bayani ne da gwamnati za ta yi aiki da shi, ba yaro za a tsare da shi ba.

Mu namu haɗarin ta ɗaya ɓangaren yake zuwa. A wurinmu ƙiba alamar hutu ce, siririyar budurwa ita ake yi wa gori. Ka ce wa yarinya 'yar shekara sha uku ta rame a gaban jama'a, kana iya tura ta kemis neman sha-ka-fashe, magungunan da ke kumbura jiki su jawo hawan jini da ciwon suga. Saboda haka a wurinmu awo a ɗaki ake yi, ɗaya bayan ɗaya, malama ce ke auna mata, littafin kuma a kulle yake.

To, bayan an rubuta lambar fa? Nan ne gizo ke saƙar. In ba maganin tsutsa, ba hanyar tura yaro asibiti, ba abinci, to an dai ɓata biro. Shirin ciyar da ɗalibai da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2016, naira 70 ga kowane yaro ɗan aji ɗaya zuwa uku, kuɗin bai taka kara ya karya ba, amma duk malamin da ya ga ajinsa ranar da ake raba ƙwai ya san abin da kwano ɗaya ke yi. An dakatar da shirin a watan Janairun 2024. Da wuya ka tsaya gaban allo kana koyar da rukunan abinci mai gina jiki ga yaron da ya fito ko koko bai sha ba, ya kifa kai a benci tun ƙarfe goma.

Makarantun kuɗi na cikin gari su kuma tasu daban ce. Abokan aikina da ke can suna ba ni labarin jakar yaro cike da biskit da lemon roba da indomi, makarantar kuma a gidan haya take, ko filin da za a yi guje-guje babu, darasin motsa jiki an mayar da shi na lissafi saboda jarrabawa. Makarantar da ta yi haka ba ta da bakin rubuta wa uba cewa ɗansa ya yi ƙiba. Ta fara da abin da ke hannunta: ruwan sha mai tsabta, wurin wanke hannu da sabulu, banɗaki, lokacin wasa, da sa ido kan abin da ake sayarwa a bakin ƙofa. Mai awara da mai ƙosai da mai dafaffiyar gyaɗa ba korarsu za a yi ba, a sa su rufe kayansu daga ƙuda da ƙura.

Magana da iyaye ma sai da na koye ta. Ba na cewa, "Ɗanki ya rame." Cewa nake, "Hajiya, me yake ci kafin ya fito?" Daga nan hira take buɗewa, mu kai ga abin da aljihu zai iya: a daka ƙuli-ƙuli a zuba a koko, a ƙara wake a cikin shinkafa, a yi kwaɗon zogale, a ba shi kunun gyaɗa maimakon a danƙa masa kuɗin tara ya ƙarar a alawa. Amma uwa dafawa take yi, kuɗin cefane a hannun maigida yake. Na sha yi wa uwa bayani ta saurara tsaf, a ƙarshe ta ce, "To Malam, sai ka gaya wa babansa." Yanzu duk yaron da awonsa ya tsaya cik, uban nake aika wa, in bai zo ba in same shi a ƙofar gida bayan la'asar.