Kafin a ce an yafe, a bari a ga inda ciwon kan zai tsaya

Buguwar kai ba irin sauran raunuka ba ce, kuma wallahi har yanzu yawancinmu ba mu gane haka ba. In ƙafa ta karye kowa na gani, a ɗora a ɗaure, bayan 'yan watanni mutum ya taka. Amma in ƙwaƙwalwa ce ta bugu, ranar da aka sallami mutum daga asibiti sau da yawa ranar ce ainihin jinyar take farawa, sai dai a gida ake yinta, ba likita ba nas, daga matarsa sai yaransa. Abin da ke ci min rai shi ne kafin wannan ranar ta zo an riga an zauna an yi sulhu, an ce an yafe.

Duk wanda ke zaune a Bauchi ya san yadda abin ke tafiya. Mota ta kaɗe ɗan achaba da fasinjansa a cikin gari, ko a hanyar Jos ko ta Ningi ko ta Alkaleri, 'yan sanda su riƙe motar, washegari sai ga dangin direba da manyan tasha a asibiti da ledar lemo, ku yi haƙuri, tsautsayi ba ya wuce ranarsa, mu za mu biya hoton kai da magani. Sai wani dattijo a dangin mara lafiya ya ce ai ba komai, ƙaddara ce, mun yafe duniya da lahira. A je caji ofis a sa hannu a takarda a saki mota. Shi kuwa mai haƙƙin yana kwance bai ma san inda kansa yake ba, matarsa tana zaune a tabarma a baranda ba wanda ya tambaye ta.

Haka aka yi wa mijin ƙanwata. Tela ne, kuma gwani, lokacin sallah sai ka kai ɗinki da wuri kafin ka samu layi. Ya yi dogon suma ya farfaɗo, ya fito asibiti da ƙafarsa, ciwon da ke goshinsa ya warke tas, kowa na cewa alhamdulillahi kaman ba shi ba. To da ya koma shago ne aka fara gani. Zai auna mutum ya rubuta, ya juya ya manta shaddar wa ke hannunsa. Ƙarar janareta da ta keken ɗinki sai ta sa mishi ciwon kai har ya rufe shago tun kafin azahar. Mutumin da ba a taɓa jin muryarsa a waje ba ya koma abu kaɗan sai faɗa, yaro ya zubar da ruwa sai duka, anjima kuma ya zauna yana kuka yana ba da haƙuri. Can daga baya farfaɗiya ta shigo, wadda bai taɓa yi ba tun haihuwarsa. Masu kawo ɗinki suka janye ɗaya bayan ɗaya, ba ka ga laifinsu ba. Wasu suka ce iska ce, wasu sammu, wasu ma suka ce lalaci ne kawai tunda ga shi yana ci yana sha yana zuwa masallaci. Ƙanwata ta ce min, Yaya, jikinsa ne ya dawo min, amma ba shi ba ne. Yanzu da awara da ɗan kitso take riƙe gidan, ga maganin farfaɗiya da ba a fashinsa ko na kwana ɗaya. Direban tun ranar da aka saki mota ba a ƙara ganinsa ba, kuma a wurinsa bai yi laifi ba, an ce mishi an yafe.

Duk wannan likitoci sun san shi. Sashen ƙwaƙwalwa da ke bayan goshi shi ke riƙe da tsara aiki da danne fushi da kunya, kuma yana cikin inda ya fi buguwa a hatsarin hanya saboda yadda ƙwaƙwalwa ke gwaruwa da ƙashi ta ciki. Mantuwa, gajiya mara dalili, jiri, rashin barci, daina jin ƙamshi, baƙin ciki mai tsanani, duk suna biyo baya, kuma hoton kai na CT yana iya fitowa lafiya lau alhali mutum na fama da su. Akwai ma'aunin hayyacin wanda ya bugu da ake kira Glasgow da aka fito da shi a 1974, daga maki 3 zuwa 15, in aka sa wa mutum 8 zuwa ƙasa to buguwar mai tsanani ce, 9 zuwa 12 matsakaiciya, 13 zuwa 15 mai sauƙi. Ku tambayi likita nawa aka rubuta a ranar farko, domin lambar nan tana da amfani a gaba. Sauƙin da aka fi samu yana zuwa ne a wata shidan farko, daga nan ya ci gaba a hankali har shekara biyu ko fiye. Ke nan a satin farko babu wanda zai iya ce maka ga inda mutumin nan zai tsaya, ko likitan ne kuwa. To me aka yafe, tunda ba a san shi ba?

Abin mamakin shi ne littattafan da muke karantawa a zaure sun daɗe da gama wannan magana. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kusan duk almajirin fiƙihu a ƙasar nan ya bi ta kanta, an faɗa ƙarara cewa ba a biyan diyyar rauni sai bayan ya warke. Hikimar a fili take, sai an ga abin da raunin ya bari. Kuma raunukan kai an bi su ɗaya bayan ɗaya. Muliha, wanda ya tona har ƙashi ya bayyana, raƙuma 5. Munaƙƙila, wanda ya farfasa ƙashin har ya gusa, raƙuma 15. Ma'amuma, wanda ya kai ga ƙwaƙwalwa, sulusin diyya. In kuwa hankali ne ya gushe to cikakkiyar diyya ce kaman an kashe rai, raƙuma 100 ko dinari 1,000, wato zinari giram 4,250 in aka lissafa dinari a giram 4.25. Ji da gani da magana kowanne da tasa diyyar. An ruwaito Sayyidina Umar ya hukunta diyya huɗu a kan mutum ɗaya da aka jefa da dutse a ka, yana raye. Dubi yadda shari'a ta ɗauki kan ɗan Adam da tsada, mu kuma muna rufe maganar da kuɗin hoto da ledar lemo, sannan mu ce addini ne.

Ni ban ce yafiya ba kyau ba, Allah ya kiyaye, ladanta babba ne. Amma mai haƙƙi shi ke yafewa, bayan ya dawo hayyacinsa ya san abin da ya rasa. Baffa ko kawu ba shi da hurumin yin kyauta da dukiyar wanda ke kwance ba ya gane mutane, waliyyi an ɗora shi ne don ya tsare mishi maslaha. Kuma wanda ya yi saurin cewa mun yafe ba shi zai sayi magani shekara goma ba.

Na san abin da za a ce, direban talaka ne, motar ma ba tasa ba ce, ina zai samu wannan kuɗi. Gaskiya ne, kuma ba wanda ke son a tsiyata wani gida don a gyara wani. To ai shari'a ma ba ta ɗora wa mai kuskure shi kaɗai ba, a mazhabar Malik in diyyar kuskure ta kai sulusi danginsa ne ke haɗuwa su biya, kuma cikakkiyar diyya a shekara uku ake biyanta. A ɓangaren dokar ƙasa kuma dalilin da ya sa aka wajabta inshorar mota ke nan. Takardar nan da mutane ke saya don kar a tsare su a hanya, wadda NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora, ta ɗaga kuɗinta daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023, an yi ta ne don wanda aka buge. Naira miliyan 3 da ake ambata a inshorar nan iyakar ɓarnar dukiya ce, raunin jiki da rasa rai lissafinsu daban. Matsalar ita ce takardun inshorar da yawa na bogi ne, shi ya sa tun motar na hannun 'yan sanda ya kamata a ɗauki lambarta a duba a NIID, rumbun bayanan inshora na ƙasa, a ga ko inshorar ta gaske ce, a sanar da kamfanin da wuri. Wanda yake ganin inshora da shubuha akwai takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, a ƙasar nan.

In kuma a bakin aiki abin ya faru, ko a hanyar zuwa aiki ko dawowa gida, akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 da hukumar NSITF ke gudanarwa. Mai kamfani ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi, ba a cire wa ma'aikaci ko kwabo, kuma wanda ya nakasa gaba ɗaya dokar ta ce a riƙa ba shi kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata. Sai dai ana so a sanar da mai aikin cikin kwana 14, a shigar da neman haƙƙi cikin shekara ɗaya. Lokaci yana cin haƙƙi a kotu ma, musamman in motar gwamnati ce, dokar kare jami'an gwamnati wata uku kacal ta bayar a shigar da ƙara. Don haka jiran a ga ƙarshen ciwo ba ya nufin a naɗe hannu, a ga lauya tun da wuri, wanda ba shi da hali ya nemi ofishin Legal Aid, masu ba marasa hali lauya kyauta, dokarsu ta 2011 ta haɗa da ƙarar haƙƙin hatsari.

Kuma dan Allah a adana takardu, rahoton 'yan sanda, katin asibiti, hoton kai, kowane rasit har na gashin ƙashi da kuɗin mota zuwa Jos ko Kano in an tura ku. Matar ta samu littafi tana rubuta ranar da ya faɗi da ranar da ya kasa aiki, domin alƙali ba ya zaune a gidan, abin da aka nuna mishi zai gani.

In har dole sai an yi zaman sulhu don a saki mota, to a yi, amma kar a yarda a rubuta cewa ba sauran haƙƙi. A rubuta abin da aka biya na asibiti, a rubuta sunan mai motar da na direba da wanda ya tsaya musu, a sa cewa za a sake zama bayan wata shida da rahoton likita a hannu, kuma matar mara lafiyan ko wakilin da ita ta zaɓa ya kasance a wurin ya sa hannu.