Takarda, almakashi da akwatin wasiƙa: aikina a lokacin bikin abota na makarantun Amurka

Duk shekara idan watan Janairu ya kama, ɗakin da nake aiki a cikinsa a birnin Columbus na jihar Ohio yakan cika da takarda ja da fara da mai ruwan hoda, har wurin sa ƙafa ya yi wuya. Sana'ata ita ce haɗa kayan aikin hannu da na wasa waɗanda malaman firamare suke amfani da su a aji a ranakun biki, kuma duk cikin bukukuwan shekara babu wanda yake kawo mini aiki kamar na ranar 14 ga Fabrairu, wadda ake kira ranar Valentine. Na san abin da wannan suna yake kawowa a ran mai karatu a gida, wato samari da 'yan mata da jajayen tufafi da gargaɗin malamai a kan mumbari. A ajin yara 'yan shekara biyar zuwa goma kuwa abin ya sha bamban, domin makarantu da yawa a nan bikin abota suke kiransa, kuma ƙa'idarsa guda ce: duk yaron da zai kawo kati, to ya kawo wa kowa da kowa a ajin. Malama takan aika wa iyaye jerin sunayen yaran tun mako ɗaya ko biyu kafin ranar, don kada a tsallake ɗan kowa.

Akwai iyaye, Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, da ba sa barin 'ya'yansu su shiga wannan biki, kuma ina ganin girman ra'ayinsu. Ni dai abin da nake bugawa a kan katunana bai wuce godiya da yabon hali ba, irin su na gode da ka ara mini fensir, ko kina da kirki, ko ina jin daɗin zama kusa da kai. Ba ni kaɗai nake kallon ranar ta wannan fuska ba, domin a ƙasar Finland sunanta ma ranar aboki, haka nan a Estoniya, a Kolombiya kuwa a watan Satumba suke yin tasu ranar ƙauna da abota.

Takarda ba a Amurka na san ta ba. A Kano na san ta, a shagon ɗab'i na kawuna, inda ake buga katin gayyatar aure da kalanda da rasit. Idan an yi hutun makaranta nakan zauna a gefen teburin da ake naɗe katuna, ina ƙirga su ɗari-ɗari ina ɗaurewa da roba. Wata rana na naɗe katunan wani biki, sai bakin naɗin ya tsattsage, farin cikin takardar ya leƙo ta cikin launi. Kawu ya ɗauki ɗaya ya duba, bai yi mini faɗa ba. Ya zaro sabuwar takarda ya lanƙwasa ta a tsaye, ya sake lanƙwasa ta a kwance, sannan ya miƙo mini ya ce, "'Yata, taɓa ki ji. Ta wane gefe ta fi yarda?" Na ce, "Ta nan, Kawu." Ya ce, "To ta nan zarenta ya kwanta, ta nan ake naɗe ta. Takarda ba a yi mata dole." Tun daga ranar ban ƙara naɗe kati ba sai na fara gano kwanciyar zarensa, kuma idan takarda mai kauri ce sai na ja mata layi da abu marar kaifi kafin in naɗe. A wannan shago na koyi daidaita rim guda a bakin injin yanka ba tare da ko ɗaya ta zame ba, na kuma koyi gane nauyin takarda da yatsa tun kafin in karanta abin da aka rubuta a jikin kwali.

Da na zo nan sai da na sake koyon awo. A gida da giram ake faɗin nauyin takarda, a Amurka kuwa da fam, sannan girman takardar rubutu ta yau da kullum inci 8.5 ne da inci 11, ba A4 da muka saba da ita ba. Takardar kati mai fam 65 ta yi kusa da giram 176 a awonmu, mai fam 80 kuma kusan giram 216. Ta farkon nake ba yara su yanka da almakashinsu mai dakusasshen baki, domin ƙaramin hannu yana iya ta. Ta biyun nake yin abin da ake so ya tsaya da ƙafarsa.

Babban abin da yara suke ɗoki a wannan biki shi ne akwatin wasiƙa. Al'adar ita ce kowane yaro ya samo kwalin takalmi, a huda masa baki a murfi, ya yi masa ado, ranar biki a jera akwatunan a kan tebura, kowa ya zaga yana jefa wa abokansa kati. Matsalar ita ce ba kowane gida ne yake da kwalin takalmi a ajiye ba, kuma ba kowace uwa ce take da daren da za ta zauna tana manna ƙyalƙyali ba, musamman wadda take aikin dare. Sai ka ga wani yaro ya zo da akwati kamar gidan sarki, wani kuma ya zo da jakar takarda ta kanti. Saboda wannan ne na fitar da akwatin da nake yankawa a shimfiɗe, da layukan naɗi a jikinsa da 'yan kunnuwa masu shiga juna, wanda yaro ɗan shekara shida zai iya tayar da shi a aji ba tare da gam ba. Kowa ya fara da abu iri ɗaya, bambancin sai a adon da ya yi da hannunsa. Na daɗe ina gyara faɗin bakin akwatin, domin wasu katunan suna zuwa da fensir ko alewa mai sanda a manne, kuma idan bakin ya yi ƙunci yara sukan yaga shi da ƙarfi tun a kati na uku.

A nan ne masu kwaikwayo suke ɓata mini rai. Sukan ɗauki hoton akwatina a intanet, su yanka irinsa da takarda marar kauri, su sayar a rabin kuɗi. A hoto ba a gane bambanci. A aji ake ganewa, lokacin da kunnuwan suka ƙi kamawa, gindin ya buɗe, katuna ashirin da biyar suka zube a ƙasa, malama kuma tana neman salatif tana rarrashin mai kuka. Wata malama ta taɓa rubuto mini tana ƙorafi a kan akwatin da ba nawa ba ne, domin hotona aka yi amfani da shi wajen tallarsa.

Cikin ayyukan da nake haɗawa, wanda na fi so shi ne saƙaƙƙiyar zuciya. Asalinta daga Denmark ne, inda ake rataye ta a bishiyar Kirsimeti, amma ranar da na fara ganin ta saƙar tabarma ce ta faɗo mini a rai. Takarda biyu ne masu launi daban, kowace a naɗe biyu, an tsaga ta gida uku ko huɗu daga bakin naɗin, sai a riƙa cusa wannan cikin wancan, wancan kuma ya rungume wannan, har a samu ƙaramin kwando mai siffar zuciya wanda yake buɗewa a sa wasiƙa a ciki. Sirrin yana cikin tsawon tsagar. Dole ta ɗara faɗin takardar da ɗan kaɗan, in ba haka ba layin ƙarshe ba zai shiga ba, yaro ya yi ta fama har ya yaga aikinsa ya ce shi bai iya ba, alhali laifin mai yanka ne. Wannan ɗan ƙarin, wanda bai kai faɗin ƙwayar shinkafa biyu ba, shi ne abin da masu kwaikwayo ba su taɓa lura da shi ba. 'Yan aji uku zuwa sama nake ba wannan aiki. Ƙananan kuwa naɗe takarda biyu suke yi su yanka rabin zuciya, su buɗe su ga ta fito cikakkiya, malama kuma ta samu ƙofar koya musu yadda gefe biyu na siffa suke daidaita da juna.

Ga manyan yara akwai wani aiki da yake sa aji ya yi tsit sannan ya ɓarke da sowa. Ana ɗaukar siririyar takarda a murɗa ta rabin juyi a manne bakinta biyu, irin zoben nan da ake kira da sunan masanin lissafi Bajamushe August Möbius, wanda ya gano shi a 1858. A yi irinsa guda biyu, ɗaya a murɗa dama ɗaya hagu, a manne su a gicciye, sannan a bi tsakiyar kowanne da almakashi. Abin da yake fitowa zukata biyu ne sarƙe da juna. Idan aka murɗa su ta gefe ɗaya, guntaye biyu ne za su faɗo a rarrabe, shi ya sa nake buga kibiya a jikin kowace takarda tana nuna ta inda za a murɗa, nake kuma buga layin yanka a fuska biyu.

Sauran wasannin ba su da wahala. Akwai saƙon ɓoye, inda yaro zai rubuta wa abokinsa kalmar yabo da farin fensirin kaki a kan farar takarda, abokin ya shafa fentin ruwa rubutun ya bayyana. Akwai ƙirga bugun zuciya a wuyan hannu na daƙiƙa 15 a ninka sau huɗu, a yi tsalle-tsalle na minti ɗaya a sake ƙirgawa, a rubuta bambancin a allo. Akwai sarƙar takarda wadda kowane zobenta yake ɗauke da alherin da wani ya yi wa wani a makon. Wasu malaman kuma sukan sa yara su yi katuna na musamman a kai wa tsofaffi a gidajen kula da su, kuma don waɗannan nake yin haruffa manya.

Wasan ware alewa mai siffar zuciya bisa launi, a ƙirga a zana jadawali, tsoho ne a makarantun nan. Alewar da aka fi sani ita ce Sweethearts, mai 'yan kalmomi a jikinta. Kamfanin Necco da yake yin ta ya rufe a 2018, kamfanin Spangler na garin Bryan a nan Ohio ya saye ta, kuma a bikin 2019 ba a samu sabuwa a kasuwa ba. A wannan shekarar ne na fara yanka ƙananan zukata na takarda masu launi shida a madadinta, kuma har yau ban daina ba, saboda dalilai biyu. Alewar tana da gelatin, wani sinadari da ake samu daga fata da ƙashin dabbobi, wanda iyaye Musulmi da yawa suke gudu idan ba su san tushensa ba, sannan makarantu da dama sun taƙaita kawo kayan zaƙi saboda yaran da jikinsu ba ya ɗaukar gyaɗa ko madara. Zuciyar takarda kowa yana iya taɓa ta.

Jar takarda ita ce ta fi ba ni wahala wajen saye. Wani dillali ya taɓa aiko mini da wadda launinta a sama kawai yake, cikinta fari, kuma da gam mai ruwa ya taɓa ta sai ta zuba a yatsa. Ya yi ta rantsuwa cewa irin ta bara ce. Tun daga lokacin kowane sabon kaya sai na yanki gefensa na duba ko rinin ya ratsa har ciki, in jiƙa auduga in goga, in naɗe shi sau goma in ga ko zai tsage. Wanda ya faɗi ɗaya daga cikin ukun nan komawa yake yi, ko da lokaci ya ƙure. Iyayen da suke taimaka wa malama wajen shirya biki sukan ce mini sun ga mai rahusa a wani wuri, ni kuma in ce su sayo ɗaya su sa masa ruwa su gani. Manyan kamfanonin kati irin su Hallmark na Kansas City, wanda aka kafa a 1910, da American Greetings na yankin Cleveland ba su ne abokan gogayyata ba, domin su kati suke sayarwa, ni kuma abin da zai riƙe yara ashirin da biyar na tsawon awa guda nake haɗawa. Idan ina jera kaya a teburi nakan tuna da Esther Howland ta garin Worcester a Massachusetts, wadda ta fara sana'arta ta haɗa katunan Valentine a gidan mahaifinta a ƙarshen shekarun 1840, mata suna zaune a jere kowace tana manna nata ɓangaren.

Kowane ƙunshi da zai fita daga hannuna sai na ƙirga shi sau biyu, kamar yadda nake yi a shagon Kawu, sannan in ƙara akwati biyu da katuna uku marasa suna. Na fara yin haka ne bayan wata malama ta gaya mini cewa an kawo mata sabuwar yarinya daga wata ƙasa kwana biyu kafin biki, sunanta ba ya cikin jerin da aka aika wa iyaye, kuma sai da ta zauna da daddare ta yanka katuna da hannunta ta raba wa yaran su rubuta mata. Ina rufe karɓar oda a ƙarshen Janairu, domin Fabrairu a Ohio watan dusar ƙanƙara ne, mota takan makara, makaranta ma takan rufe a ɗage bikin, kuma na fi son kayan su kwana mako guda a kabad ɗin malama kafin ranar.